Shari'ar Amina Lawal

Shari'ar Amina Lawal shari'a ce ta tuhumar zina da aka yi a kotunan Musulunci na Jihar Katsina daga watan Janairu na 2002 zuwa watan Satumba na 2003. Amina Lawal bazawara ce 'yar ƙauyen Kurami da ke ƙaramar hukumar Bakori, wadda ta haifi 'ya mace a lokacin da ba ta da aure. Kotun Shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke mata hukuncin rajamu, wato kisa ta hanyar jifa. Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Katsina ta rushe shi ranar 25 ga Satumba, 2003, ta sallame ta. Mutumin da ta ce shi ne uban 'yar, tun a kotun farko aka sallame shi bayan ya yi rantsuwa.

Shari'ar ta yi suna a duniya saboda zanga-zanga da wasiƙun da aka riƙa aikowa daga ƙasashen waje. A wurin ɗaliban shari'a kuwa, muhimmancinta yana cikin hujjojin da aka kafa. Da fiƙihun Malikiyya aka yanke mata hukunci, da shi kuma aka kuɓutar da ita. Shari'ar ta nuna cewa dokar da ta tsananta horon zina ta fi tsanantawa wajen neman hujja, har ta bar mafi yawan abin da ke gudana tsakanin namiji da mace a ɓoye ga Allah.

Yadda aka kai ga kafa kotunan

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun bar kotunan alƙalai suna aiki da fiƙihun Malikiyya, amma sun hana yanke hannu da jifa. A 1959 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta yi kundin hukunta laifuffuka da aka fi sani da Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Kundin bai kauda kai daga zina ba. Sashe na 387 da na 388 sun sa ta laifi ga namiji ko macen da al'adarsu ko addininsu ya haramta ta, da horon ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tara, ko duka biyun, kuma ana iya ƙara wa Musulmi bulalar haddi. Rajamu dai babu shi a ciki.

Da aka koma mulkin farar hula a 1999, Gwamnan Zamfara Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, kundin hukunce-hukuncen jihar ya fara aiki a watan Janairu na 2000. Jihohi goma sha biyu na Arewa ne suka bi wannan hanya, kowace da irin nata tsari. Katsina, ƙarƙashin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta fara a watan Agusta na 2000, ta fitar da nata kundin a 2001. Jama'a sun karɓi abin da murna, suna fatan ganin ƙarshen sata da cin hanci da jinkirin kotunan zamani. Sai dai an yi gaggawa. Alƙalan da suka shafe shekaru suna raba gado da kashe aure da shari'ar gona, su ne aka wayi gari an ɗora wa shari'o'in haddi, ba tare da wani dogon horo ba.

Hukunce-hukuncen ba na baka kawai ba ne. An yanke hannun wani mutum a Zamfara a watan Maris na 2000 bisa laifin satar saniya. A watan Janairu na 2001 aka yi wa wata yarinya bulala ɗari a jihar saboda ciki ba aure. A farkon Janairu na 2002 kuma aka rataye Sani Yakubu Rodi a gidan yarin Kaduna, bayan wata kotun Musulunci ta Katsina ta same shi da laifin kisan kai. Wannan ya faru ne 'yan kwanaki kafin a gurfanar da Amina.

Amina Lawal da zawarcinta

Amina tana da shekara talatin ko kusa da haka lokacin da aka kama ta. An yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya, ta yi aure sau biyu, ta haihu, ba ta kuma yi karatun boko ba. Bayan mutuwar aurenta na biyu ta koma gida Kurami, ƙauyen manoma da ke kusa da Funtuwa, garin da hanyoyin Zariya da Gusau da Birnin Gwari da Katsina suka haɗu. A can wani mutum ya shiga nemanta. Ta shaida wa kotu cewa sun yi wata goma sha ɗaya suna tare, kuma ya yi mata alkawarin aure.

Matsayin bazawara a ƙasar Hausa yana da sarƙaƙiya. Da zarar ta gama idda, tana da 'yancin da budurwa ba ta da shi. Manema suna zuwa zance, ita ce ke zaɓe, kuma a fiƙihun Malikiyya uba ba ya da ikon yi mata auren dole, sai da yardarta a fili. Amma a wajen horo ita ce ta fi shiga haɗari. Wanda ya taɓa yin ingantaccen aure har aka tare, ya zama muhsini, mace kuma muhsina, kuma wannan matsayi ba ya gushewa don aure ya mutu. Budurwar da aka samu da zina bulala ɗari ce hukuncinta, bazawara kuwa rajamu. Ke nan macen da al'ada ta sakar wa mara wajen zance, ita ce doka ta tanadar wa mafi girman horo idan zancen ya wuce gona da iri.

Kotun Bakori

'Yan sanda ne suka gurfanar da Amina da manemin nata a Kotun Shari'ar Musulunci ta Bakori ranar 15 ga Janairu, 2002. Amina ba ta da lauya. Da aka tambaye ta, ta amsa cewa 'yar tata ce, ta kuma ambaci mutumin a matsayin uba. Shi kuma ya yarda yana nemanta da aure, amma ya musanta cewa ya taɓa kusantarta. Kotu ta nemi Amina ta kawo shaidu huɗu a kansa, abin da ba ta iya ba. Aka ba shi Alƙur'ani ya rantse, aka sallame shi.

A watan Maris na 2002 alƙalin, wanda ya zauna shi kaɗai, ya same ta da laifi bisa hujja biyu: iƙirarin da ta yi da bakinta, da jaririyar da ke hannunta. Ya yanke mata rajamu, ya ce za a zartar bayan ta yaye 'yar. A cikin watan ne kuma, ranar 25 ga Maris, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Sakkwato ta sallami Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa irin wannan hukunci a watan Oktoba na 2001. 'Yan jaridar da suka bi shari'ar Safiya nan take suka karkato zuwa Katsina.

Hujjar zina a fiƙihu

Ba a fahimtar abin da ya biyo baya sai an san yadda malamai suka tsara wannan babi. Suratul Isra'i ta hana kusantar zina. Suratun Nur ta ambaci bulala ɗari ga mazinaci da mazinaciya, nan take kuma ta sa bulala tamanin ga wanda ya jefi mace mai kamun kai da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Wannan shi ne haddin ƙazafi. Rajamu ga muhsini kuwa daga hadisai aka samo shi, musamman labarin Ma'izu ɗan Malik da na matar nan Bagamidiya, waɗanda dukansu da ƙafarsu suka je suka faɗi laifinsu.

Hanya ta farko ta tabbatar da zina ita ce shaidu huɗu, maza, adalai, waɗanda suka ga abin da idonsu ƙuru-ƙuru, suka kuma dace a kan lokaci da wuri. Ganin mutum biyu a ɗaki ɗaya, ko ma a shimfiɗa ɗaya, bai isa ba. Idan ɗaya ya kasa, sauran ukun ne ke shan bulala. Haka ta faru a zamanin Sayyidina Umar, lokacin da aka tuhumi Mugira ɗan Shu'uba, gwamnan Basra: na huɗun bai tabbatar da ganin ainihin abin ba, sai aka yi wa ukun haddin ƙazafi. Da wuya a cika wannan sharaɗi sai a kan wanda ya yi abinsa a bainar jama'a, kuma malamai sun san da haka. Shi ya sa rajamu ya yi ƙaranci a tarihin kotunan Musulmi. A daular Turkawa ta Usmaniyya, wadda ta yi ƙarni shida, shari'a ɗaya ce ta 1680 a Istanbul masana tarihi suka fi ambata.

Hanya ta biyu ita ce iƙirari. Malikiyya da Shafi'iyya sun ce sau ɗaya ya isa, Hanafiyya da Hambaliyya sun ce sai sau huɗu, suna kafa hujja da yadda Annabi (SAW) ya riƙa kawar da kai daga Ma'izu har sai da ya maimaita. Mazhabobin huɗu sun yarda cewa mai iƙirari yana iya janyewa, haddi ya faɗi. A nan ma akwai darasi game da haƙƙin abota. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo cewa Annabi (SAW) ya nuna wa Hazzal, mutumin da ya ba Ma'izu shawarar ya je ya tona kansa, cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri. Suratul Hujurati kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Shari'a ba ta ɗora wa aboki ko maƙwabci ko ɗan'uwa nauyin kai ƙarar wanda ya zame a ɓoye ba. Nasiha da sutura ta fi so daga gare shi.

Hanya ta uku ce Malikiyya suka bambanta da sauran. A wurinsu, bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji hujja ce ta zina, sai dai in ta kawo alamar cewa tilasta ta aka yi, ko ta tabbatar da aure. Sun dogara da wata magana ta Sayyidina Umar. Hanafiyya da Shafi'iyya da mafi yawan Hambaliyya ba su ɗauki ciki kaɗai hujjar haddi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai daga Katsina har Agadas, duk suna kan ra'ayin Malikiyya. A kan duk waɗannan kuma akwai babbar ƙa'idar da malamai suka haɗu a kai, cewa shubuha tana tunkuɗe haddi, kuma kuskuren alƙali wajen yin afuwa ya fi sauƙi a kan kuskurensa wajen yin horo.

Funtuwa

Ƙungiyoyi biyu na kare haƙƙin mata, WRAPA da BAOBAB, suka shiga maganar. Aliyu Musa Yawuri ne ya jagoranci lauyoyin, tare da Hauwa Ibrahim da wasu. Suka ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa. A watan Yuni na 2002 kotun ta jinkirta zartar da hukunci zuwa Janairun 2004 don Amina ta shayar da 'yarta, ta bar ta ta zauna a gida.

Lauyoyin sun ce ba a bayyana wa Amina ma'anar kalmar zina da sharuɗɗanta ba kafin ta amsa, ba a tabbatar da cewa muhsina ce ba, kuma yanzu ta janye iƙirarinta. Suka ƙara da cewa cikin yana iya zama na tsohon mijinta. Ranar 19 ga Agusta, 2002, kotun ta yi watsi da hujjojin, ta tabbatar da hukuncin Bakori. A cikin watan ne kuma wata kotu a Sabon Gawu ta Jihar Neja ta yanke wa wasu masoya biyu, namiji da mace, hukuncin rajamu.

Hayaniyar duniya

Hukuncin Funtuwa ya tayar da ƙura. Tarayyar Turai da gwamnatoci da dama sun yi kira a soke shi, aka yi zanga-zanga a ƙofar ofisoshin jakadancin Najeriya, reshen Amnesty International na Sifaniya ya tara sa hannun jama'a ta intanet, Oprah Winfrey ta kawo maganar a shirinta na talabijin a Amurka. A watan Satumba na 2002 birnin Rum ya ba Safiya Husaini takardar zama 'yar gari ta girmamawa. Shugaba Olusegun Obasanjo ya riƙa ba da tabbacin cewa ba za a jefe kowa ba, amma gwamnatinsa ba ta kai jihohin kotu ba. Tun a watan Maris na 2002 Ministan Shari'a Kanu Agabi ya rubuta wa gwamnonin cewa horon da ya fi tsanani ga Musulmi a kan sauran 'yan ƙasa ya saɓa wa tsarin mulki, gwamnonin ba su saurare shi ba.

A shekarar ce Najeriya za ta karɓi baƙuncin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Abuja, wasu 'yan takara suka ƙaurace saboda Amina. Ranar 16 ga Nuwamba jaridar ThisDay ta buga wani rubutu game da gasar wanda Musulmi suka ɗauka ɓatanci ne ga Annabi (SAW). Rikicin da ya ɓarke a Kaduna ya ci rayuka fiye da ɗari biyu, aka mayar da gasar Landan. Amina ba ta da hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma sunanta ya shiga ciki.

Ba duk taimakon waje ne ya yi wa masu kare ta daɗi ba. A watan Mayu na 2003 Ayesha Imam da Sindi Medar-Gould na BAOBAB suka fitar da wasiƙa suna roƙon a dakatar da wasiƙun zanga-zanga. Sun ce wasu takardun da ke yawo suna ɗauke da labarin ƙarya, har da cewa Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin an kuma sa ranar jifa, alhali ƙarar tana Katsina. Sun tuna wa jama'a cewa a shari'ar yarinyar nan ta Zamfara, matsin lambar waje ta sa an gaggauta yin bulalar. Sun kuma ce afuwar gwamna ba ita suke nema ba, domin afuwa tana nufin laifin ya tabbata. Abin da suke so shi ne kotun Musulunci ta ce hukuncin kuskure ne, don ya zama madogara ga matan da za su zo baya.

Hukuncin Katsina

An ɗage sauraron ƙarar fiye da sau ɗaya, har da lokacin da wasu alƙalan suka tafi aikin kotunan zaɓe na 2003. An saurari lauyoyi ranar 27 ga Agusta, aka yanke hukunci ranar 25 ga Satumba, cikin tsaro mai tsanani. Alƙalai biyar ne suka zauna ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim Katsina. Huɗu suka yarda da ƙarar, Alƙali Ibrahim Mai Unguwa ya karanta hukuncinsu da Hausa. Alƙali Sule Sada ya saɓa musu, yana ganin iƙirari da cikin sun isa hujja.

Masu rinjayen sun fara da tushen tuhumar. Ba wanda ya kama Amina a kan aikin, ba shaidu huɗu, kuma wanda ya tuhumi mutum da zina shi ke da nauyin kawo su. Suka ce kotun Bakori ta yi gaggawar riƙe iƙirari guda, suna kafa hujja da yadda aka bi da Ma'izu. Suka ce kotun Funtuwa ta yi kuskure da ta ƙi karɓar janyewar da Amina ta yi, tunda mai iƙirari yana da wannan dama har zuwa lokacin zartar da haddi. Suka ce ba a ba ta cikakkiyar damar kare kanta ba. Sannan suka kawo dokar da Majalisar Dokokin Katsina ta yi da kanta, wadda ta ce alƙali ya zauna da mambobi biyu, alhali alƙalin Bakori shi kaɗai ya yi shari'ar. Wannan hujja ta ƙarshe ba daga littafin fiƙihu ta fito ba, dokar majalisa ce, kuma ita kaɗai ta isa ta rushe zaman.

Kwantaccen ciki

Hujjar da ta fi jan hankalin 'yan jaridar waje ita ce ta kwantaccen ciki. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan mafi tsawon lokacin da ciki zai iya yi. Hanafiyya sun ce shekara biyu, Shafi'iyya da Hambaliyya shekara huɗu, Malikiyya huɗu ko biyar. Ma'anar wannan a shari'a ita ce, idan macen da aka saka ta haihu cikin wannan wa'adi ba ta sake aure ba, ana jingina ɗan ga tsohon mijinta, kuma shi kaɗai ke da ikon kore shi ta hanyar li'ani, wato rantsuwoyin da Suratun Nur ta tsara tsakanin miji da mata. Amina ba ta kai shekara biyar da saki ba. Kotun ta ce ba ita ce za ta tabbatar da cewa cikin kwantacce ne ba. Masu ƙara ne za su kore wannan yiwuwar, ba su kuma yi ba.

Maganar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mata sun daɗe suna cewa ciki ya kwanta, ana kuma neman magani don a tashe shi. A ƙasashen Magrib ma akwai irin wannan imani. Likitoci ba su yarda da shi ba, kuma ƙasashe kamar Masar, tun dokar 1929, da Maroko sun taƙaita wa'adin zuwa shekara ɗaya a dokokinsu na iyali. Amma wanda ya tsaya a kan ilimin likita kawai zai rasa aikin da ƙa'idar take yi. Mazhabar da ta fi kowace tsanani wajen ɗaukar ciki hujja, ita ce kuma ta fi kowace faɗaɗa wa'adin ciki. Ƙa'ida ta biyu tana sassauta ta farko. Tana ba ɗa uba da gado, tana kare bazawara da matar matafiyi daga haddi. Alƙalin da ya riƙe ta farko ya manta da ta biyu, rabin mazhabar ya yi aiki da shi, kuma wannan ne kuskuren da aka yi a Gwadabawa da Bakori.

Namiji da mace a gaban hujja

Abin da ya fi damun masu sukar shari'ar, har da malamai da lauyoyi Musulmi, shi ne bambancin sakamako. Nassi bai bambanta horon namiji da na mace ba. Amma ciki a jikin mace yake bayyana, namiji kuwa musu ya ishe shi. Mutum biyu suka yi zance wata goma sha ɗaya, ɗaya ya koma gida ranar da ya rantse, ɗaya ta yi wata goma sha takwas da hukuncin kisa a kanta. Macen da ta ambaci namiji ta kasa kawo shaidu ma tana iya jawo wa kanta haddin ƙazafi a kan na zina.

Wasu sun tambayi dalilin da ya sa ba a yi gwajin ƙwayar halitta don gano uban ba. Malamai da yawa ba su yarda a tsayar da haddi da irin wannan gwaji ba, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tsaya a kan haka a 2002. Ko da an yarda ma, gwajin ba zai kuɓutar da Amina ba. Zai ƙara mutum na biyu ne a ƙarƙashin hukuncin, ya kuma rushe hujjar kwantacce. An lura kuma cewa waɗanda aka gurfanar a irin waɗannan shari'o'i kusan duk talakawan karkara ne, marasa lauya, waɗanda suka amsa tambayar alƙali kai tsaye ba su san cewa shiru ko musu haƙƙinsu ne ba.

Tsarin mulki

Tsarin mulkin 1999 yana da sassan da kowane ɓangare ya riƙe. Masu goyon bayan shari'a sun dogara da sashe na 38, na 'yancin addini, da ikon majalisun jihohi na yin dokokin laifuffuka. Masu adawa sun kawo sashe na 10, da ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, da na 34, da ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, da na 42, da ya hana nuna bambanci. Sashe na 36 kuma ya ce ba a hukunta mutum sai da rubutacciyar doka, ba a kuma hukunta shi da dokar da aka yi bayan aikin. Wannan ne ya tilasta wa jihohi rubuta fiƙihu a matsayin kundi mai sassa, kuma yana cikin hujjojin da suka kuɓutar da Safiya, domin abin da aka tuhume ta da shi ya riga dokar Sakkwato fara aiki.

Lauyoyin Amina sun zaɓi su gina ƙararsu a kan fiƙihu da dokokin jihar, ba su nemi a soke shari'ar kanta ba. Dalilin a fili yake: alƙalan da ke gabansu malamai ne, jama'ar gari suna son shari'a, ita Amina ma Musulma ce da za ta koma zama cikin mutanenta. Da ta faɗi a Katsina, da ƙarar ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, daga nan Kotun Ƙoli, kuma ko an tabbatar, sai gwamna ya sa hannu kafin a zartar. Tunda ta yi nasara, gwamnatin jiha kuma ba ta kai maganar gaba ba, Kotun Ƙoli ba ta sami damar cewa komai a kan ko rajamu ya dace da tsarin mulki ba.

Bayan shari'a

Amina ta koma Kurami da 'yarta, daga baya ta sake aure. Hauwa Ibrahim ta sami lambar yabo ta Sakharov daga Majalisar Tarayyar Turai a 2005. An fassara bayanan kotunan uku daga Hausa zuwa Turanci a cikin kundin da Philip Ostien ya tattara a 2007 game da aiwatar da shari'a a Arewacin Najeriya, tare da bayanin da Aliyu Musa Yawuri ya rubuta kan yadda ya kare ta. A 2017 Sarah Eltantawi ta fitar da littafi a kan shari'ar.

Rajamu yana nan a cikin kundin Katsina da na sauran jihohin, kuma kotunan ƙasa sun ci gaba da yanke shi jefi-jefi. Daga 1999 zuwa yau ba a zartar da shi a kan kowa ba bisa umarnin kotu a Najeriya.